Ƙwan da Tafinta Ya Dafa

A ofis ba wanda yake kiran ta da sunanta. Jan Biro ake ce mata, saboda duk aikin da ya biyo ta teburinta da wuya ya koma hannun mai shi ba a zagaye masa kuskure ba. Shekararta shida a wannan kamfani, wanda kaf ma'aikatansa ba su kai ashirin ba, a hawa na biyu na wani gini da ke kallon tashar mota.

Abu ɗaya kamfanin yake yi, wata manhaja ce da ma'aikata suka laƙaba wa suna Tafinta. Masu ƙera ƙananan injuna, irin su sikeli da famfon ruwa da ƙofa mai buɗe kanta, su ne suke amfani da shi. Mutum zai rubuta umarninsa da kalmomin da ɗan Adam yake iya karantawa, Tafinta ya juya su zuwa lambobin da ƙwaƙwalwar inji take ganewa. In Tafinta ya yi kuskure, mai rubutu ya ce "kashe", inji ya ji "kunna". Aikin Jan Biro shi ne ta tabbatar bai yi kuskuren ba. Tana da gwaji dubu goma sha biyu da ɗari huɗu, kusan rabinsu da hannunta ta rubuta, tana bin littafin ƙa'idojin yaren shafi bayan shafi. Kullum da safe sai ta tarar da sakamakonsu a allon kwamfuta. Kore na nufin lafiya lau, ja na nufin akwai magana.

Ranar Talatar da wani tsoho ya zo, allon kore ne shar daga sama har ƙasa.

Ya hau matakala yana haki, da kiret ɗin ƙwai a hannu ɗaya, da damin takardu a hammata. Mai ƙera injin ƙyanƙyasa ne, ya haura shekara sittin, kuma yana cikin waɗanda suka fara amfani da Tafinta tun kamfanin yana ɗaki ɗaya. Bai jira an yi masa iso ba, ya dire kiret ɗin a kan teburin Manaja.

"Fasa ɗaya," ya ce.

Manaja ya ɗaga kai. "Baba, lafiya?"

"Na ce ka fasa ɗaya."

Manaja bai fasa ba, sai tsohon ya fasa da kansa a bakin kwandon shara. Ɗan tsako ne a ciki, ya yi gashi ya yi baki, ya mutu a naɗe. Jan Biro ta taso daga wurinta, haka ma Dogo, wanda shi ne yake rubuta mafi wuyar sassan Tafinta.

"Ɗari biyar ne," in ji tsohon. "Na wata baiwar Allah ne da ta sayi injina. Saura kwana uku su fito, hita ta ƙi mutuwa, ta dafa su. Wata biyu da suka wuce kuka aiko mini da sabon Tafinta, na zuba mata a inji. Ƙarshen labarin ke nan."

Manaja ya jajanta masa, sannan ya juyo da kwamfuta ya nuna masa koren allo. Ya yi bayani a hankali cewa babu sabon Tafinta da yake fita sai ya haye waɗannan gwaje-gwajen kaf, don haka wataƙila a duba waya, ko ma'aunin zafi, ko rubutun da aka bai wa Tafintan.

"Ga rubutun nan," tsohon ya ce, ya miƙa damin takardun.

Dogo ya karɓa ya fara buɗawa. Ya buɗa shafi goma, ya buɗa ashirin, sannan ya dubi Jan Biro. "Babi ɗaya ne," ya ce. "Duk wannan, layi dubu huɗu, babi ɗaya ne. Baba, ai wannan ba rubutu ba ne, igiyar rijiya ce."

Dariya ta kubce wa Jan Biro. Ba ta daɗe ba, amma tsohon ya ji ta. Ya karɓe takardunsa daga hannun Dogo, ya daidaita gefensu a kan tebur.

"Shekara goma sha ɗaya igiyar rijiyar nan tana ƙyanƙyashe kaji," ya ce. "Ni ban canja ko harafi ba. Ku kuka canja."

Ya sauka abinsa, ya bar musu kiret ɗin.

Da ta koma teburinta sai ta kasa aiki. Koyarwar makaranta ita ce a yanka rubutu ƙanana-ƙanana, kowane babi da aikinsa, kuma haka take rubuta gwajinta. Ta tambayi kanta abin da ba ta taɓa tambaya ba, wato babi mafi tsawo a cikin gwajinta layi nawa ne. Ta sa kwamfuta ta ƙirga. Sittin da uku. Ta sake ƙirgawa, ko ta yi kuskure. Sittin da uku dai.

Washegari ta ɗauki kwamfutarta ta hau mota zuwa bayan gari. Shagon tsohon yana layin masu walda, tsakanin mai gyaran firji da mai sayar da taya. Ciki warin narkakkiyar dalma da na katako, wayoyi rataye a ƙusa, injuna uku a jere kamar ƙananan kabad, kowanne da tagar gilashi. Ta yi sallama ta gaishe shi. Ya amsa, bai ɗago daga abin da yake liƙawa ba.

"Baba, na zo ne ka ba ni rubutun nan in duba."

"Dariyar ba ta ishe ki ba ne? Kina so ki kai gida?"

Kunya ta rufe ta. "Na yi laifi, Baba. Ka yi haƙuri."

Ya ajiye ƙarfen hannunsa ya dube ta. "'Yata, ni ban yi makarantarku ba. Gyaran rediyo na koya. Rubutun nan da kaina na koya wa kaina, ina da shekara hamsin, da littafin aro. Duk matsalar da wani mai kaji ya kawo mini, sai in ƙara layi a ƙasa. Shi ya sa ya yi tsawo. Kowane layi da kika gani, akwai wanda ya taɓa kuka a kansa."

"Shi ya sa nake son in gani."

Ya tura mata kujera da ƙafa.

Suka kunna inji ɗaya babu ƙwai a ciki. Hita ta kama, zafi ya kai inda ake so, hita ta mutu. Suka maimaita sau biyar, lafiya ƙalau. Tsohon ya ce haka shi ma ya gani kafin ya ba da injin. Jan Biro ta tambaye shi me yake faruwa in saura kwana uku. Ya ce a rana ta goma sha takwas inji yake daina juya ƙwai, ya ƙara laima. Ta roƙe shi ya tura agogon injin gaba zuwa wannan ranar. Ya tura.

Hita ta kama. Zafi ya kai. Ya wuce. Suna tsaye suna kallon lambar tana hawa, har gilashin ya fara ƙona yatsa. Tsohon ya zare wayar daga bango.

Ta ɗauki rubutun nan dai, ba ta taɓa ko ɗigo ba, ta bai wa tsohon Tafinta na bara ya juya, suka zuba a injin. A rana ta goma sha takwas hita ta mutu a kan lokaci.

"To?" in ji tsohon.

"Namu ne," ta ce.

Sanin laifin nasu ne daban, gano inda yake daban. Kwana uku ta yi tana zuwa shagon da safe ta tashi da la'asar, tana bin lambobin da Tafinta ya fitar ɗaya bayan ɗaya da fensir, mai walda yana ta ƙara a kunnenta. Tsohon yakan ajiye mata shayi a gefe, ya huce ba ta sha ba. A rana ta uku ta kama shi. In inji zai bar wani wuri a rubutu ya koma wani, tsalle yake yi. Akwai gajeren tsalle, akwai dogo. Tafintan bara kullum dogon yake sa wa. Sabon kuwa, don ya rage cin wuri, yakan auna nisan, in ya ga kusa ne ya sa gajere. Amma yana aunawa ne kafin ya cusa wasu lambobi a tsakani. A gajeren babi lambobin ba su da yawa, tsallen yana kaiwa. A babin tsohon sun taru sun yi yawa, tsallen ya gaza, ya dira a wani wuri dabam, ya bar layin da ke kashe hita.

Da yamma a gida ta ba mijinta labari. Tela ne, ɗakin gaba ne shagonsa, tana zaune a kan buhun yadi yana datsa zare.

"Ni abin da ban gane ba," ya ce, "dubu goma sha biyun nan, wa ya ɗinka su?"

"Ni da na gabana."

"A jikin wa kuka gwada?"

"A jikin littafi."

Ya nuna gunkin da yake rataya riga a kansa. "Kin ga wannan? Tunda na saye shi bai taɓa dawo mini da ɗinki ba. Ba ya zama, ba ya sunkuyawa, ba ya cin abinci ya ƙoshi. Amma bari yayanki ya sa rigar ya ɗaga hannu, ki ji hammata ta yi magana."

"Ka bar yayana ya huta."

"Ni na ce ya yi tumbi?"

Ta yi dariya, karon farko tun ranar Talata.

Dogo bai yi dariya ba da ta nuna masa. Shi ya rubuta gajeren tsallen, kuma yana alfahari da shi. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce ai shi ya gwada dogon babi a nasa teburin. Ta ce ta gani, layi ɗaya ne ya maimaita sau dubu, babu lambobin da za a cusa a tsakani. Ya dafe kai.

"Ɗari biyar," ya ce a hankali.

"Ni na sa hannu a takardar fitarwa, ba kai ba," ta ce masa. "Laifi tudu ne. Mu gyara."

Gyaran layi huɗu ne. Kafin azahar an gama, an aika wa tsohon, an kuma aika wa sauran masu amfani da sabon Tafinta saƙon gargaɗi. Manaja ya kira tsohon da kansa ya ba shi haƙuri. Sannan ya kira Jan Biro ofishinsa, ya tura mata takarda.

"Ki ƙara gwaji ɗaya a kan wannan, ki sa hannu, mu fitar da gyararren ranar Litinin."

"Ranka ya daɗe, ba zan sa ba."

Ya cire tabarau. "Ba a gyara ba ne?"

"An gyara wanda ya zo da ƙafarsa ya hau mana matakala. Sauran fa? Mutum nawa ne suke amfani da Tafinta?"

"Sun haura saba'in."

"Rubutun mutum nawa muka taɓa gani?"

Ya soma juya tabarau a hannunsa.

"Na mutum ɗaya," ta ce. "Shi ma dariya muka yi masa. Shekara shida ina gwada abin da littafi ya ce mutane za su iya rubutawa. Ban san abin da suke rubutawa ba. Ka ba ni sunayensu, ka ba ni wata ɗaya."

"Wata ɗaya! Akwai masu jira. Kuma wa zai ba ki? Rubutun nan shi ne sirrin sana'arsu."

"In sun hana ni, na dai tambaya."

"In kuma na sa wani ya sa hannun?"

"Ikonka ne. Amma ba nawa ba."

Ana jin kwandastoci suna kiran fasinja a ƙasa. Manaja ba mugun mutum ba ne, kiret ɗin nan ma shi ya sauka da shi da kansa. Ya mayar da tabarau.

"Mako biyu," ya ce. "Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba."

Kwana huɗun farko ta sha kunya. Ta aika saƙo ga mutum saba'in da uku, biyu suka amsa, su ma cewa suka yi a'a. Ta bi wasu har wurin aikinsu. Wani ya ce oga ba ya nan, alhali tana hango ƙafarsa ta ƙarƙashin labule. Mai ƙera sikeli ya fito fili ya ce ya ji labarin igiyar rijiya, shi ba zai kai kansa a yi masa dariya ba. Wata injiniya da take ƙera akwatin kunna famfon rijiyar burtsatse ta saurare ta tsaf, ta ce rubutunta ba ya fita daga ɗakinta, ta rufe ƙofa.

Ta koma wurin tsohon ƙafafunta sun yi ƙura. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Kin tafi neman abu a hannun mutane da takardar ofis," ya ce. "Miƙo mini wayata."

Ya kira mai sikeli. "Kai, mai awon ƙarya! Yarinyar nan da ka kora, kwana uku ta yi a shagona tana bin rubutuna da fensir. Ita ta ce laifinsu ne, da bakinta. Ka taɓa jin ɗan kamfani ya faɗi haka? To ka ba ta. Naka ai bai kai nawa muni ba, ko da yake ya kusa."

Haka ya yi ta kira. Wasu abokansa ne na shekara talatin, wasu shi ya koya musu riƙe ƙarfen dalma. Kafin mako ya cika tana da rubutun mutum tara, kowanne da alkawarin ba wanda zai gani sai ita da Dogo.

Suka zauna su biyu suka karanta. Ba wanda ya yi kama da gwajinta. Akwai mai sa wa abubuwa sunan 'ya'yansa. Akwai wanda ya kwafi babi ɗaya sau goma sha huɗu yana canja lamba ɗaya. Akwai dabaru na tsohon yayi da littafi ya ce an halatta amma ba a so, kuma duk su taran suna amfani da su. Ta ƙirga gwajinta a kan waɗannan dabarun, ba su kai arba'in ba. Ta kuma gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na gwajinta yana kan abubuwan da ko mutum ɗaya cikin taran bai taɓa rubutawa ba.

Suka bai wa tsohon Tafinta da sabo rubutun taran, suka gwama abin da kowanne ya fitar. Shida suka yi daidai. Uku suka saɓa. Ɗaya laifin mai rubutun ne, ya dogara da wani abu da littafi bai yi alkawarinsa ba, sa'a ce kawai take riƙe shi. Ta kira shi ta yi masa bayani da ladabi. Biyun kuwa nasu ne. Ɗayan yana sa sikeli ya ɓace da giram biyar in kaya sun haura wani nauyi.

"Amma kada ki zubar da dubu goma sha biyun," in ji Dogo. "Bara sun kama ni sau nawa? Kuma mutum tara ba su ne duniya ba."

"Ba zan zubar ba. Kuma na sani, tara ba duniya ba ce. Ta dai fi babu."

Ranar da mako biyu suka cika, ta shiga ofishin Manaja da takardar fitarwa. An gyara kurakuran biyu, rubutun taran ya shiga cikin gwajin safe. Ta sa hannu, amma a saman sa hannun ta ƙara layi uku da biro, inda ta faɗi abin da aka gwada, da adadin masu sana'ar da aka gwada rubutunsu, da adadin waɗanda ba a gani ba.

Manaja ya karanta. "Sittin da huɗu ba a gani ba. Haka za mu aika wa mutane?"

"Gaskiya ce, ranka ya daɗe. Wanda bai ji daɗin ganin kansa a cikin sittin da huɗun ba, ya san inda muke."

Ya yi ajiyar zuciya, ya sa nasa hannun a ƙasa. Ya kuma yarda ta riƙa fita duk ranar Alhamis neman rubutun sauran.

Alhamis ta farko ta koma wurin injiniyar famfo. Aka ce tana aiki. Jan Biro ta ce za ta jira, ta zauna a benci a baranda, kwamfuta a cinya, tana kallon ma'aikata suna loda akwatuna a bayan mota. Ta yi awa biyu. Da injiniyar ta fito ta gan ta, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ke ba kya gajiya ne? Na faɗa miki rubutuna ba ya fita daga ɗakina."

"Na ji, Yaya. Shi ya sa na zo da Tafinta. Ba sai rubutun ya fita ba. Mu gwada a gabanki, in mun gama ki goge da hannunki."

Injiniyar ta dube ta, ta dubi kwamfutar. "Famfo ɗari biyu da wani abu ne suke aiki da rubutun nan. In kika sami kuskure, wa za ki fara faɗa wa?"

"Ke."

"In kuma nawa ne?"

"Ke kaɗai."

Injiniyar ta juya ta tura ƙofa, ta riƙe ta da ƙafa. "Shigo. Ki lura da wayar nan a ƙasa. Kuma in gargaɗe ki, akwai wani babi da na rubuta ina da cikin fari, ni kaina tsoronsa nake ji."

"Da shi za mu fara," in ji Jan Biro, tana neman wurin da za ta jona caja.